Hannun roba mai bin umarnin ƙwaƙwalwa: sai an yi tiyatar kai?

"Assalamu alaikum. Ƙanena ya yi hatsarin mota a Hawan Kibo wata huɗu da suka wuce, aka yanke masa hannun dama a ƙasan gwiwa. Tela ne, shekararsa 27. Mun ga bidiyo a Facebook na wani Bature da aka saka wa na'ura a ƙwaƙwalwa yana sarrafa kwamfuta da tunani kawai, wata mata kuma tana motsa hannun ƙarfe. Wani ya ce mana ana yin aikin a Indiya, har ya yi alkawarin haɗa mu da asibiti. 'Yan'uwa sun fara maganar a sayar da filin gado. Shin abin nan gaskiya ne? Kuma zai yi wa ƙanena amfani?" Mai tambaya daga Unguwar Rogo, Jos.

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Malam, abu biyu ka tambaya: ko abin da kuka gani gaskiya ne, da kuma ko shi ne maganin larurar ƙanenka. Na farko gaskiya ne. Na biyu kuwa a'a. Wanda aka yanke wa hannu a ƙasan gwiwa ba sai an buɗe masa ƙoƙon kai ba kafin ya motsa hannun roba da niyyarsa, kuma likitan da ya san aikinsa ba zai yarda ya yi masa wannan tiyata ba. Ku jingine maganar fili tukuna.

A ina saƙon yake tsayawa?

Idan mutum ya yi niyyar dunƙule hannu, umarnin yana tasowa ne daga wani ziri a saman ƙwaƙwalwa, wanda ya taso daga tsakiyar kai ya gangaro wajen kunne. Ɓangaren hagu ne ke juya hannun dama. Daga nan saƙon ya sauko ta cikin laka, ya fita ta jijiyoyin da ke tsakanin ƙasusuwan wuya na ƙasa, ya ratsa hammata, ya isa tsoka. Duk wannan tafiya da 'yar ƙaramar wutar lantarki ake yin ta, shi ya sa na'ura ke iya sauraron saƙon a kowane zango. Aikinmu shi ne mu gano inda hanyar ta yanke, mu ɗauki saƙon a wuri na ƙarshe da yake isa lafiya. Idan wayar wuta ta tsinke a ƙofar gidanka, a nan ake jonawa, ba a tafiya Shiroro.

Wanda lakarsa ta yanke a wuya, ko wanda ciwon ALS ya kashe wa jijiyoyin motsi, ko wanda bugun jini ya taɓa gindin ƙwaƙwalwarsa har ya zama ido kaɗai yake iya juyawa, shi saƙonsa ba ya isa gaɓɓai. Dole a je can sama a ɗauko. Don irinsu aka ƙirƙiri na'urar haɗa ƙwaƙwalwa da kwamfuta, wadda ake kira BCI. Shi kuwa ƙanenka hanyarsa a buɗe take har zuwa dungulmin. Yawancin tsokar da ke lanƙwasa yatsu da miƙe su ba a tafin hannu take ba, tana tsakanin gwiwa da wuyan hannu ne. Kama hannunka a ƙasan gwiwa ka motsa yatsu, za ka ji naman yana tashi. To, ragowar wannan tsokar tana nan a dungulminsa, kuma duk lokacin da ya yi niyyar rufe hannun da babu, tana motsawa.

Bambancin ƙarfin saƙon ma babba ne. Abin da ake samu a fatar kai kashi 10 zuwa 100 ne cikin miliyan na bolt ɗaya. Tsokar da aka matse kuwa tana iya ba da kashi ɗaya cikin dubu ko fiye, wato ninki goma zuwa ɗari, kuma ba tare da an tsaga ko'ina ba.

Abin da kuka gani a bidiyo

Binciken ya daɗe. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara ɗaukar wutar ƙwaƙwalwar ɗan Adam a 1924, kuma a 1973 Jacques Vidal na Jami'ar Kalifoniya ya kawo shawarar a sarrafa kwamfuta da ita. Hanyoyin da ake bi a yau sun bambanta ne a kan zurfin da ake kai ilektrod, wato ɗan ƙarfen da ke ɗaukar saƙo.

Mafi sauƙi ita ce hular EEG, babu tiyata. Ana ɗora ilektrod a daidai zirin motsi na hagu da na dama, a sa musu man da ke ɗaukar lantarki. Idan mutum yana zaune kurum, wurin yana kaɗawa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa. Da ya suranta yana motsa hannun dama, kaɗawar ɓangaren hagu sai ta ragu, kwamfuta ta gane. Iyakarta ke nan: umarni biyu ko uku, a hankali, da kuskure. Ƙiftawar ido, cije haƙori ko ɗaure fuska duk sun fi saƙon ƙwaƙwalwar ƙarfi, suna rufe shi. A nan gida akwai ƙarin matsala. Kitso da man gashi suna hana ilektrod taɓa fata, sannan wutar gida mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa tana kutsowa cikin awon matuƙar ginin ba shi da wayar ƙasa mai kyau, abin ya fi muni idan janareto aka kunna. Kusan mutum ɗaya cikin biyar kuma ba sa iya sarrafa ta duk horon da aka ba su. Hular ba ta isa ta juya yatsu biyar ba, duk wanda ya tallata maka haka ƙarya yake yi.

Matar da ke motsa hannun ƙarfe, mai yiwuwa Cathy Hutchinson ce, wadda a 2012 aka nuna ta ta ɗauki kwalbar kofi ta kai baki bayan shekara kusan 15 a shanye. Abin da aka dasa mata ɗan faranti ne na silikon, faɗinsa milimita 4 a kowane gefe, ɗauke da allurai 100 masu tsawon milimita 1 zuwa 1.5, ana amfani da 96 daga cikinsu. Ana soka shi cikin saman ƙwaƙwalwa, wayoyinsa su fito zuwa wani maɓalli da aka ɗaure a ƙoƙon kai da kusoshi, wanda ya leƙo ta fata. Kowace allura tana jin bugun ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ɗaya zuwa 'yan kaɗan da ke kusa da tsininta. Matthew Nagle ne ya fara karɓar irin wannan a wani gwajin bincike mai suna BrainGate a Amurka a 2004.

Na'urar ba ta karanta tunani yadda mutane suke zato. Kowace ƙwaya a zirin motsi tana da ɓangaren da ta fi so: wata takan ƙara bugu idan aka nufi dama, wata idan aka nufi sama. Sai a zaunar da mutum gaban allo, a motsa masa alama, a ce ya suranta shi ke motsa ta. Cikin 'yan mintoci kwamfuta ta haɗa lissafin wace ƙwaya ce ke bugu a wane lokaci, daga nan a sakar masa linzami, tana sabunta lissafin sau 20 zuwa 50 a daƙiƙa. Sirrin zuciyarsa ba ya cikin wannan lissafi, niyyar motsi ce kawai.

An kai nesa da wannan hanya. A birnin Pitsbag na Amurka an dasa wa Nathan Copeland ƙarin faranti a wurin da ke jin taɓawa, yadda idan yatsan ƙarfe ya taɓa abu ake tura masa 'yar wuta ya ji a nasa yatsan; rahoton 2021 ya nuna lokacin da yake ɗauka wajen kama abu ya matsar da shi ya ragu daga kusan daƙiƙa 20 zuwa 10. A 2017 a Kilibland, ita ma a Amurka, Bill Kochevar ya ci abinci da nasa hannun da ya shanye, bayan an haɗa saƙon ƙwaƙwalwarsa da wayoyin da ke zaburar da tsoka. A 2023 a Lozan ta Suwizalan, Gert-Jan Oskam ya yi tafiya da taimakon sanduna bayan an haɗa ƙwaƙwalwarsa da lakarsa ta ƙasan inda ta ji rauni. A shekarar ne kuma ƙungiyoyi biyu a Kalifoniya suka mayar da yunƙurin magana na mata biyu da suka rasa murya zuwa rubutu, ɗaya kalma 62 a minti, ɗaya 78. Da Turanci aka horar da waɗannan na'urori. Kafin su yi wa Bahaushe aiki sai an tara musu maganar Hausa mai yawa, domin karin sauti da tsawon wasali suna canza ma'ana a harshenmu.

Baturen da ke sarrafa kwamfuta, ina kyautata zaton Noland Arbaugh ne, wanda kamfanin Neuralink ya dasa wa na'urarsa a Janairun 2024: zare 64 masu laushi ɗauke da ilektrod 1,024, babu waya a waje. Kamfanin Synchron kuma ba ya buɗe kai. Ta jijiyar jini ta wuya yake zura wata raga mai ilektrod 16 har ta kai babbar jijiyar da ke kwance a saman ƙwaƙwalwa. Hatsarinta ya fi ƙanƙanta, saƙonta ma haka, ya fi dacewa da danna maɓalli.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne ɗawainiyar da ke bayansa. Ƙwaƙwalwa tana ɗaukar allurar a matsayin baƙon abu, ta gina mata tabo kewaye, saƙon ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Ruwan jiki mai gishiri yana cin rufin wayoyin. Ƙwaƙwalwa tana ɗan motsawa da kowane bugun zuciya da numfashi, don haka ƙwayar da allura ta ji jiya ba lallai ita za ta ji yau ba, sai an sake daidaitawa. Maɓallin da ya leƙo ta fata kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Arbaugh kansa, 'yan makonni bayan tiyata yawancin zarurrukan suka zame daga inda aka sa su, sai da aka sauya lissafin kwamfutar kafin aiki ya dawo. Hannun ƙarfen da kuka gani ma a jikin tebur ko wani mazauni yake kafe a ɗakin bincike, injiniyoyi na tsaye a gefe. Duk mutanen nan da na ambata 'yan sa-kai ne a gwajin bincike, ba saya suka yi ba, kuma zuwa ƙarshen 2023 duk waɗanda aka yi wa irin wannan dashe a duniya ba su kai 100 ba. Akwai kuma darasin Argus II, na'urar ido da aka dasa wa makafi sama da 350: kamfanin ya daina yin ta a 2019, masu ita suka rasa inda za su kai gyara. Abin da ke cikin jiki ba a cire shi a ajiye kamar waya.

Abin da ya dace da ƙanenka

Ban ga dungulmin ba, kuma ba a yanke hukunci a kan hannu daga nesa. Amma ga abin da za a duba idan kun kai shi sashen ƙashi da na gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko Asibitin Ƙasa da ke Abuja, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ya daɗe da sashen haɗa gaɓɓan roba.

Abu na farko, ko jijiyoyin kafaɗa sun tsira. A hatsarin mota da na babur sau da yawa kafaɗa tana fizgewa ta yage tarin jijiyoyin da ke tsakanin wuya da hammata. Idan haka ta faru, tsokar dungulmin ba za ta amsa ba, kuma hannun lantarki, wato na roba mai ɗaukar saƙo daga tsoka, ba zai yi aiki ba sai an fara gyara jijiya. Gwajin gida mai sauƙi: ya ɗaga kafaɗa, ya lanƙwasa gwiwa, sannan ka riƙe dungulmin ka ce ya lanƙwasa wuyan hannun da babu zuwa ciki, ya kuma mayar da shi baya. Idan ka ji naman ciki ya taurara a na farko, na baya ya taurara a na biyu, alama ce mai kyau. Sai a duba tsawon dungulmin, da lafiyar fatar, da ko gwiwar tana miƙewa sarai, da ko akwai wani wuri da in an ƙwanƙwasa yake jin kamar wuta ta ja shi. Wannan ƙullin jijiya ne, yana hana sa soket, wato ƙoƙon hannun roba da ake zura dungulmi a ciki, wani lokaci sai an yi masa ƙaramar tiyata.

Wata huɗu lokaci ne da ya kamata a ce an riga an fara. A aikinmu abin da muka fi gani shi ne, wanda ya daɗe ba a sa masa hannu ba yakan saba da yin komai da hannu ɗaya, in an kawo na roba daga baya ya rataye shi a ƙusa. Kafin a gwada shi dole kumburi ya sauka: a riƙa naɗe dungulmin da bandeji mai talewa, a karkace kamar lamba 8, matsewar ta fi yawa a ƙarshe ta ragu zuwa sama, a kwance a sake naɗawa duk bayan awa huɗu zuwa shida. Kada a naɗe shi zobe-zobe, yana tare jini. Idan yana jin ciwo a hannun da babu, ba aljanu ba ne kuma ba taɓin hankali ba ne, yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka. Ya tsayar da madubi a tsakiyar jikinsa yadda zai ga hoton hannun hagu a mazaunin na dama, ya riƙa buɗewa da rufewa minti 10 zuwa 15 kullum. Yana rage wa wasu ciwon, yana kuma raya tsokar da za a buƙata.

Hannun lantarki shi ne wanda zai ba ku abin da kuke nema, domin da niyya ake motsa shi. Ana ɗaukar siffar dungulmin da filasta a ƙera soket, a binne ilektrod biyu a jikinsa, ɗaya a kan tsokar ciki, ɗaya a kan ta baya. Matse ta ciki yana rufe hannu, matse ta baya yana buɗewa, ƙarfin matsewar kuma shi ke ƙayyade sauri. Sai baturi da ƙaramin inji a cikin tafin. Kafin a saya ana gwada mutum da na'urar awon tsoka na 'yan makonni, domin kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne matse tsokokin biyu tare, hannun ya tsaya cak ko ya yi ta rawa. Ga wanda aka yanke wa a saman gwiwa akwai tiyatar da likita Todd Kuiken ya fara a Shikago ta Amurka a 2002, inda ake karkatar da yankakkun jijiyoyi zuwa wata tsokar a jira wata uku zuwa shida su kama. Ƙanenka ba ya buƙatar wannan sai don ciwon ƙullin jijiya.

Matsalolinsa a ƙasarmu sanannu ne. Zufa tana taruwa a soket, ilektrod ya zame ko saƙo ya rikice, hannun ya buɗe da kansa. Da hunturu kuma, musamman irin na Jos, fata tana bushewa har ilektrod ya ƙi ji, sai an ɗan jiƙa wurin ko a jira 'yan mintoci jiki ya ɗumama. Idan mutum ya rame ko ya yi ƙiba kaɗan soket ya daina zama daidai, kuma a shekarar farko kusan tabbas ne sai an sake shi saboda dungulmin yana ci gaba da tsukewa. Nauyin tafin kaɗai yana kaiwa rabin kilo, kuma da yake a rataye yake a fata, ya fi haka a ji. Baturi yini ɗaya yake yi, kullum sai caji. Yawancinsu ba sa son ruwa da ƙura, sai an cire kafin alwala. Ba ya jin abin da ya kama, da ido ake lura. Masu yatsu biyar daban-daban kuɗinsu dubun-dubatar daloli ne, kuma su suka fi saurin lalacewa. In ƙaramin injin yatsa ɗaya ya tsaya, sau da yawa sai an aika waje a jira watanni.

Shi ya sa ga mai sana'ar hannu na fi karkata ga a fara da hannun igiya. Ɗamara ce da ke zagaye kafaɗar hagu ta baya, da wayar ƙarfe irin ta birkin keke da ta bi ta jikin soket zuwa ƙugiya mai baki biyu. Idan ya tura hannun gaba ko ya buɗa kafaɗu, wayar ta ja, ƙugiya ta buɗe. Ya saki, robobi su rufe ta. Ƙara roba ɗaya, ƙarin ƙarfin riƙo. Babu caji, ba ya tsoron ruwa, yana jin jan wayar a kafaɗarsa don haka yana gane ƙarfin da ya sa, kuma in waya ta tsinke ana iya gyarawa a gida. Muninsa a ido ne kawai, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga saurayi, don haka a haɗa masa da tafin ado mai launin fatarsa da zai ɗaura ranar Juma'a ko biki; wuyan hannun ana kwancewa a sauya. A ɗinki, aikin da zai koma wa dama shi ne danne yadi da riƙe gefensa, wanda ƙugiya mai rufin roba ta fi yatsun lantarki iyawa saboda siririya ce, ba ta tare masa ganin allura. Yanka da zura zare za su koma hagu. A nemo masa almakashin bahago, wanda aka juya bakinsa, domin na dama a hannun hagu yana tauna yadi maimakon yanka. Cin tuwo da dama kuwa, babu hannun roba da zai murza loma. Cokali ake maƙalawa a ƙugiyar ko a wata ɗamara a dungulmin.

In bayan wata shida zuwa shekara yana sa na igiyar kullum, tsokarsa ta ci gwaji, kuma akwai hali, sai a ƙara da na lantarki mai buɗewa da rufewa kawai.

Shi kuma mai maganar Indiya, mai yiwuwa hannun lantarkin yake nufi ya kira shi da sunan ƙwaƙwalwa don ya yi armashi, domin ana haɗa shi a can. Ku ce ya ba ku a rubuce sunan na'urar da kamfanin da ya ƙera ta, da inda za a ɗauki saƙon, kai ko dungulmi. Ku tambayi ko kuɗin ya haɗa da soket na biyu da makonnin horo, da tsawon garanti, da wanda zai gyara ta a Najeriya idan ta tsaya. Takardar ku kai wa mai haɗa gaɓɓan roba a nan gida ya duba kafin ku biya ko sisi. Idan kuwa ya dage cewa dashen ƙwaƙwalwa za a yi wa mai yankakken hannu a kan kuɗi, ku rabu da shi.